Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ƙungiyar tsofaffin ɗaliban kwalejinmu: dan Allah ku buɗe mana zauren nan

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa ga Ciyaman, ranka ya daɗe, da sakatare da ma'aji da sauran yayyenmu na kwamitin gudanarwa. Sannunku da ɗawainiya da mu, mun san ba albashi ake biyanku ba, wani lokacin ma daga aljihunku kuke cikawa. Allah ya saka da alheri ya albarkaci zuri'a. 'Yan uwanmu Kiristoci na cikin ƙungiya ku ma ina gaishe ku, da waɗanda ke nan da waɗanda suka fita.

Ni dai ɗan ajin 1994 ne, a 1988 muka shiga aji ɗaya, kuma wannan wasiƙa ba tawa ba ce ni kaɗai. Mu goma sha ɗaya ne muka haɗu a gidan ta'aziyya, an yi addu'a ana shirin tashi sai maganar rufe zauren ƙungiya ta taso, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, daga ƙarshe aka ce tunda ni ne malamin makaranta a cikinsu to ni zan rubuta. A zaman nan akwai Musulmi akwai Kirista, akwai ɗan Izala akwai ɗan Ɗariƙa, akwai mai jar hula, akwai wanda har gobe fostar Peter Obi na manne a bayan motarsa, kuma duk bakinmu ya zo ɗaya. Na so in tura muku a zauren WhatsApp na ƙungiya, amma kun san yanzu ba mai iya rubutu a can sai admin, shi ya sa na kawo ta nan fili.

Wata uku ke nan da kuka fitar da sanarwa cewa an rufe zaure, an haramta maganar addini da ta siyasa a ko'ina cikin harkokin ƙungiya har da mitin ɗin wata-wata, duk mai wani labari ya tura wa admin shi zai duba ya ɗora, sannan kuka cire wasu mutum shida. Ba zan ce ba ku da dalili ba, ruwa ba ya tsami banza. Dukkanmu mun ga abin da ya faru tun daga lokacin da aka fara maganar tikitin Musulmi da Musulmi, muka shiga zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 zauren nan kamar an kunna wa daji wuta, mutum ya kwanta barci ya tashi ya tarar da saƙo ɗari huɗu ba ko ɗaya mai daɗin karantawa. Da siyasa ta ɗan lafa sai watan Rabi'ul Awwal ya kama a koma kan Maulidi, a gama wannan a shiga ƙabalu da sadalu, a gama a shiga ganin wata, sai ga rikicin masarautar Kano a watan Mayun 2024 shi ma muka raba gari biyu alhali yawancinmu ko Kanawa ba mu ba ne. Mun zagi juna, mun tura bidiyon da ba mu tantance ba, mun kira sunan iyayen mutane. Wannan laifinmu ne mu 'yan ƙasa, mun amsa. Amma maganin da kuka ba mu ya fi cutar illa, kuma ga inda ya yi mana illar.

Na fara da wanda ya fi ci mana rai. Marigayin da muka je wa ta'aziyya, shi ne mai gadon da ke saman nawa tun daga aji biyu har muka gama. Wata biyu ya yi ana masa wankin ƙoda, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai ƙoda ya san ba ciwon da mai albashi zai iya ɗauka shi kaɗai ba ne, sau biyu ko uku a sati ake yi kuma kowane zuwa da kuɗinsa, ban da allurar ƙarin jini da kuɗin mota. Ƙaninsa ya tura wa admin saƙon neman taimako. Aka ce masa sai kwamiti ya zauna ya tabbatar. Kwamiti bai zauna ba sai bayan sati uku. Ni kaina ban san yana kwance ba sai da na haɗu da matar yayansa a kasuwa take ce min ai abokinka jiki ya yi tsanani, wallahi kunya ta kama ni har na rasa abin da zan ce mata.

Ya rasu da asuba. Wanda ke kansa a lokacin ɗan ajinmu ne Kirista, ma'aikacin jinya ne a asibitin, shi ya rufe masa ido, shi ya ja zani ya lulluɓe shi, shi ya kira ƙanin ya ce ku zo. Wannan bawan Allah yana cikin mutum shidan da kuka cire. Ya kira admin na farko waya a kashe, na biyu yana hanya ba sabis, ya tura saƙo ya bari. Aka sa jana'iza bayan azahar kamar yadda muka saba, ba a jinkirta gawa. Sanarwa ba ta fito a zaure ba sai bayan isha'i, lokacin ma har an ɗauke tabarmi a ƙofar gida. Mu huɗu kacal muka samu sallar, mu ma don shi wancan ɗan uwa ya bi lambobin da ke wayarsa ɗaya bayan ɗaya ne. Akwai 'yan ajinmu sun fi ashirin da ke zaune a garin, wasu tafiyar minti goma ce a Keke Napep tsakaninsu da maƙabartar. Ɗaya daga cikinsu da ya zo washegari bai iya gaisuwar ba ma, ya zauna a bakin tabarma ya sunkuyar da kai yana ta share hawaye da hularsa.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa bin jana'iza da duba mara lafiya suna cikin haƙƙoƙin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa cewa Musulmi yana da su a kan ɗan uwansa. Rasuwa ba ta jiran kwamiti. Haka ma neman jini, haka ma haɗari a hanyar Kaduna zuwa Zariya da tsakar dare. Kafin rufewar nan, da duk hayaniyarmu, na tuna daren da matar wani ɗan ajin 1997 ta shiga naƙuda aka ce sai an yi mata aiki, ya rubuta layi biyu kawai, kafin sallar asuba an haɗa kuɗin kuma mutum uku sun je sun ba da jini, biyu daga cikinsu a ranar da yamma suka gama zagin juna kan Kwankwaso da Ganduje. Wannan shi ne amfanin zauren, kuma shi ne abin da kuka kulle.

Abu na biyu, har yau ba wanda ya faɗa mana inda labarin mutum ya tsaya da inda siyasa ta fara. Wani ɗan uwanmu malamin firamare ya tura cewa wata biyu ba a biya su ba, yaransa an koro su kan kuɗin makaranta, ko akwai mai hanyar wani ɗan aikin da zai riƙa yi da yamma. Aka ƙi ɗorawa, wai sukar gwamnati ce. Wani ya tura cewa 'yan bindiga sun ɗauke ƙanen matarsa a gona ana neman kuɗin fansa, aka ce ya cire inda ya ambaci jami'an tsaro tukuna. To dan Allah a ƙasar nan wane labari ne na gida da siyasa ba ta tsoma hannu a ciki ba? Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce dubu, wanda ya ajiye motarsa ya koma hawa acaɓa in ya ba mu labari siyasa ya yi ko halin da yake ciki ya faɗa? Lokacin da aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, muna da ɗan uwa mai kai kaya Maraɗi, tirelarsa ta maƙale a Jibiya kayan suka fara lalacewa, a zauren nan ya yi kukansa, aka yi ta musu kan ECOWAS da sojojin Nijar kwana biyu, amma a cikin musun ne wani ya haɗa shi da mai sayen kayan a Katsina ya rage asara. Da a yanzu ne da saƙonsa bai wuce teburin admin ba.

Na uku kuma, ku yi haƙuri zan faɗe shi yadda yake, dokar ba ta hau kan kowa daidai ba. An hana mu siyasa amma kwanan baya da wani babban yayanmu ya samu muƙamin mai ba gwamna shawara, hoton da aka ɗora na taya murna da tambarin jam'iyya a jikinsa ɓaro-ɓaro, har da kirari. Mu ma mun taya shi murna, ɗan uwanmu ne, Allah ya taya shi riƙo. Sai dai a satin ne wani ya tura cewa ya samu kujera a shugabancin jam'iyyar adawa na ƙaramar hukumarsu, nasa ba a ɗora ba. Duk Juma'a admin na ɗora mana barka da Juma'a da addu'o'i, muna jin daɗi muna cewa amin a zuci, amma da wani ɗan uwa ya tura gayyatar bikin naɗa shi fasto bayan shekarun da ya yi yana karatu, aka ce maganar addini ce. Wannan fa labarin rayuwarsa ne, kamar yadda in ɗayanmu ya sauke Alƙur'ani ko ya samu kujerar Hajji labarin rayuwarsa ne. Bai yi ƙorafi ba, bai ce komai ba, kawai dai mun wayi gari mun ga ya fita. A ƙirgen da muka yi a zaman nan, cikin Kiristocin ajinmu kaɗai mutum tara sun fita a wata ukun nan, ba wanda ya kira ko ɗaya ya ce lafiya. Ni abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, domin mai zagi yana nan tare da kai ana iya shiryawa, shi kuwa wanda ya tattara ya fita shiru ya riga ya yanke cewa gidan ba nasa ba ne.

Kuma mu da muka tashi a jihar Kaduna bai kamata a ce sai an tuna mana inda irin wannan ke kaiwa ba. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 a cikin harabar kwaleji ya faro, tsakanin ɗalibai, kafin ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa. Shekara ɗaya bayansa muka shiga makaranta. Muna aji huɗu aka yi na Zangon Kataf a 1992, sai na Shari'a a Fabrairun 2000, sai na 2002, sai na bayan zaɓe a Afrilun 2011. Yau garin Kaduna kowa ya san yadda yake, kogi ya raba, mu a Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi, su a Sabon Tasha da Narayi da Television, yaranmu suna girma ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya da nasu ba. Ɗana na fari yana jami'a yanzu, na tambaye shi ko yana da aboki Kirista wanda ya san gidansu, ya yi shiru yana tunani ya ce babu. Ni kuwa a shekarunsa na san gidaje sun fi goma, na san iyayensu mata, an zuba min abinci an ce ci kar ka ji komai Musulmi ne ya yanka. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai tana cikin 'yan wuraren da suka rage inda mutumin Zonkwa da mutumin Soba za su kira juna da sunan tsokanar yarinta a yi dariya. In muka bari ta koma ta ɓangare ɗaya to mun ƙarasa da hannunmu abin da masu tada fitina suka fara.

Bari in ɗan koma baya, saboda wasu a kwamiti na cewa ai a makaranta ba ma irin wannan musun. Wallahi muna yi, har ma ya fi na yanzu zafi. Marigayin nan yana da wata 'yar rediyo baƙa mai ɗaurin kyauro, batir ɗinta in ya yi sanyi sai ya shanya a rana a kan akwatin ƙarfensa. In an kashe fitila firifet ya gama zagaye, sai mu taru a lungun gadonmu mu lulluɓa da bargo a kamo BBC ko Jamus a hankali. Lokacin zaɓen 12 ga Yunin 1993 muna aji biyar, ɗakin ya rabu, masu Abiola da masu Bashir Tofa. Abin da nake so ku tuna shi ne tikitin Abiola da Babagana Kingibe shi ma Musulmi da Musulmi ne, kuma a ɗakinmu waɗanda suka fi kowa haƙilo a kan Abiola 'yan FCS ne, ƙungiyar ɗalibai Kiristoci, marigayin kuwa ɗan MSS na gaba-gaba, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, yana bayan Tofa. Da labari ya zo cewa Abiola ya ci Kano, jihar Tofa, har ɗaga marigayin suka yi sama suna masa waƙa. Da Babangida ya soke zaɓen kuma tare muka yi jugum. Mukan yi musun Annabi Isa, mukan yi musun Triniti da na auren mace huɗu har a kaɗa ƙararrawar firef, wani lokacin har da fushi da kwana biyu ba magana, amma daren na uku za ka ga an jiƙa garin kwaki a bokiti ɗaya, wannan ya kawo suga wancan ya kawo ƙuli, cokali biyu ne a ɗakin ana karɓa-karɓa. Da azumi su suke tsare mana abincin dare a dainin kar a cinye, mu kuma ranar Lahadi mu muke ɗebo musu ruwa in sun tafi coci. A watan Mayun 1992 da gari ya rikice aka hana fita, babban abin da na riƙe shi ne yadda 'yan aji shida, Musulminsu da Kiristansu, suka kwana a bakin ƙofar ɗakunan kwana suna gadinmu mu ƙanana. Wasunku da ke kwamiti yau kuna cikinsu, ku ne siniyoyinmu a lokacin.

To me ya bambanta? A lokacin kana ganin fuskar wanda kake musu da shi, ka san gobe da shi za ku yi leba, ka san shi zai raka ka asibitin makaranta in zazzaɓi ya kama ka. Yanzu kuwa mutum yana kwance a ɗakinsa shi kaɗai da waya, wani malami ko wani ɗan siyasa ya gama zuga shi a bidiyo, sai ya turo mana ba tare da ya tuna waye zai karanta ba. Ladabin ne ya ɓace mana, shi ya kamata a nemo. Ni kaina ban kuɓuta ba. Ana saura kwana kaɗan zaɓen 2023 na rubuta wa wannan ma'aikacin jinyar wata magana mai ɗaci a gaban kowa, na haɗa shi da mutanensu gaba ɗaya na yi musu kuɗin goro. Bai rama ba. Sai da aka yi wata biyar na iya kiransa na ba shi haƙuri, ya ce min ai ya daɗe da yafewa amma ya ji zafi don daga bakina ta fito. Shi ne mutumin da ya kira ni da asuba ya ce tashi ka zo abokinmu ya tafi. Da ya riƙe ni a zuci da ni ma sai bayan isha'i zan ji.

Shi ya kawo ni kan mutum shidan nan. An cire su ba a kira ko ɗaya an ji ta bakinsa ba, ba a yi musu gargaɗi a rubuce ba, ba a faɗa mana wane sashe na tsarin mulkin ƙungiya aka bi ba. Biyu a cikinsu gaskiya sun yi abin da ya cancanci horo, sun yi kafirtawa sun yi ashar, wannan ba mai kare su. Sauran huɗun kuwa laifinsu kawai sun mayar da martani ne, waɗanda suka tsokane su kuma suna nan daram saboda suna da yayye a sama. In ɓera da sata ai daddawa ma da wari. Kuma duk shidan suna biyan kuɗin wata, wasunsu sun sa hannu a gyaran rijiyar burtsatsen makaranta da muka yi.

Mun san kwalejinmu ba Barewa ba ce, amma akwai abin dubawa a tarihin Barewar. Makarantar da aka buɗe a Katsina a 1921 ita ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ita kuma ta yaye Malam Aminu Kano da ya tsaya musu a gaba da NEPU. A 1979 Shehu Shagari na NPN da Malam Aminu na PRP duk takarar shugaban ƙasa suka yi, duk kuma 'yan makaranta ɗaya. Janar Gowon Kirista ne da ya tashi a Wusasa, a Barewa ya yi karatu, Murtala da ya karɓi mulki daga hannunsa a 1975 shi ma can. Makarantar kwana dama haka take, tana tara 'ya'yan mutane daban-daban ne su fito da ra'ayi daban-daban. Ƙungiyar da ta ce sai dai kowa ya ajiye ra'ayinsa da addininsa a bakin ƙofa, to hotuna kawai za ta tara, mutanen ba za su zauna ba. Kun gani da idonku a mitin ɗin watan jiya, kujerun da muka saba cikawa rabinsu ba kowa, ma'aji ma da bakinsa ya ce kuɗin wata ya ja baya.

Don haka ga abin da muke roƙo, kuma roƙo ne na ƙanne a wajen yayye, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ku buɗe babban zaure yau ba sai gobe ba, kowa ya iya rubutu, amma a keɓe shi ga labarin 'yan uwa kaɗai: rasuwa, rashin lafiya, haihuwa, aure, ƙarin girma, neman aiki, neman jini, canjin gari, yaye ɗalibi. Labarin ibadar mutum ma labarinsa ne, wanda zai tafi Hajji ya faɗa, wanda za a yi wa ɗansa baftisma ya faɗa, mai walimar sauka ya gayyata, mai bikin Kirsimeti ya gayyata, wanda zai iya zuwa ya je wanda ba zai iya ba ya yi fatan alheri ya wuce. Wanda ya samu muƙami a kowace jam'iyya a taya shi murna iri ɗaya, ba fosta ba tambari.

Sannan a buɗe zaure na biyu na muhawara, shiga ba dole ba, wanda ke son musun addini da siyasa ya je can. Zaɓen 2027 na tafe, ko kun hana ko ba ku hana ba za a yi maganar, gara a yi ta a inda akwai babba mai tsawatarwa da a koma ƙananan guruf na ɓoye inda kowa da irinsa kawai yake zama suna ƙara wa juna zafi, kuma ina tabbatar muku an riga an buɗe irinsu sun kai uku. Dokokin ba sai sun yi yawa ba. Ba zagin abin bautar wani ko annabinsa ko malaminsa, zagin abin bautar wani kam mu Musulmi an ma hana mu a Suratul An'am. Ba kafirta wanda ya ce shi Musulmi ne. Ba kuɗin goro ga ƙabila ko addini. Duk wanda ya turo bidiyo ko odiyo ya faɗi inda ya samo da lokacin da abin ya faru, domin sau nawa aka tayar mana da hankali da hoton wata ƙasa ko na shekara goma baya aka ce jiya ne a Filato. Masu kula da zauren su zama uku ko huɗu, a sa Kirista a sa Musulmi, a Musulmin ma kar su zama 'yan ɓangare ɗaya, kuma a riƙa canja su duk shekara. Wanda ya karya doka a fara kiransa a waya tukuna, in ya sake a dakatar da shi sati biyu daga zauren muhawara kaɗai, amma kar a taɓa cire mutum daga zauren zumunci saboda ra'ayinsa, don ranar da zai rasa mahaifiyarsa mu ne dai za mu je.

A kira mutum shidan nan a saurare su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi laifi ya ba da haƙuri a gaban waɗanda ya ɓata wa, a mayar da su. Waɗanda suka fita da kansu kuma kar a tura musu link kawai, Ciyaman da kansa ya ɗaga waya, in da hali a taka a je, zumunci a ƙafa yake. Mu 'yan ajin 1994 mun ɗauki nauyin raka ku gidan duk wanda ke cikin Kaduna da Zariya, na Kafanchan da Jos ma za mu haɗa kuɗin mai.

Asusun taimakon gaggawa a ba mutum biyu ikon fitar da wani adadi nan take in magana ta asibiti ce, su kawo bayani daga baya, kar a sake cewa mai wankin ƙoda ya jira zaman kwamiti. Kuma a karanto mana abin da ya shiga da abin da ya fita a babban taron ƙarshen shekara, a kuma sa wannan maganar gaba ɗaya a ajanda a kaɗa mata ƙuri'a, in mafi yawa suka ce a bar zaure a rufe to mun bi.

Na ƙarshe, marigayin ya bar mata ɗaya tana takaba da yara biyar, babbar tana shirin rubuta WAEC ba a gama biyan kuɗin ba, akwai kuma bashin asibiti da ƙaninsa ya ciwo. Mun fara haɗa abin da ya sawwaƙa a tsakaninmu. Ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu koma gidan mu kai, za mu haɗu a ƙofar masallacin unguwarsu, shi ma ɗan uwanmu ma'aikacin jinya ya ce zai karɓi canjin aiki ya zo. Ranka ya daɗe, muna so ka zo da kanka, ka zo da sakatare, iyalin ba su ga kowa daga shugabannin ƙungiya ba har yanzu kuma ƙanin ya tambaye ni sau biyu.

Allah ya jiƙansa ya gafarta masa, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya raya abin da ya bari. In na yi kuskure a wani wuri ko harshena ya yi kaifi ku yafe min.

Wassalam.

Ƙaninku,
a madadin 'yan ajin 1994 da suka zauna